Kwazazzabo da ramin marmara: abin da sabuwar hanya ta bar mana

Sanusi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a da na dawo daga ƙauye. Shekara biyu ke nan da aka gyara hanyar da ta bi ta gefen garinmu, aka ɗaga ta, aka zuba mata kwalta. Mun yi murna, har gobe muna yi. Amma gonar mahaifina tana gangaren hanyar, daidai inda aka sa wata ƴar gada mai baki biyu. Da can idan an yi ruwa, a shimfiɗe yake saukowa, ya ratsa gonaki ya nitse. Yanzu hanya ta tare shi, duk ya taru wuri ɗaya, ya fito ta bakin gadar da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Damina biyu kacal, kwazazzabo ya raba gonar gida biyu. Na sauka ciki, bakinsa ya kawo mini kafaɗa. Gawon da kakanmu ya bari yana nan tsaye a gefe, rabin saiwoyinsa suna lilo a iska.

Na biyu kuma ramin da suka ɗebi marmara. Kamfanin ya kwashe injinansa ya tafi, ramin na nan yadda suka bar shi, gefensa a tsaye kamar bango. Ruwa ya cika shi ja wur, yara na wanka, mata na wanki, shanu na sha. Wani dattijo a garin ya ce dutsen da aka fasa yana sa wa ruwa dafi. Ni ba fannina ba ne. Masu ilimin abin, don Allah ku fahimtar da mu: dole ne sai haka ta faru duk inda aka yi hanya? Ruwan nan kuma yana da illa?

Alhaji Ilu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa Baba da alheri. Amma ɗana, a riƙa duba ɗaya gefen. Na fi shekara ashirin ina jan mota daga Damagaram zuwa Tanut har Agadas, na san abin da mummunar hanya take ci. Tana cin taya, tana cin mota, tana cin rayuka. Na taɓa ɗauko mace mai naƙuda da ta kwana a amalanke don babu motar da za ta iya shiga garinsu. Hanya ba ta yiwuwa sai an haƙi wani wuri an cike wani.

Sanusi:
Gaskiya ne Alhaji, ban ce kada a yi hanya ba. Ni da kaina yanzu cikin awa ɗaya nake isa gida. Abin da nake tambaya shi ne ko akwai yadda za a yi ta ba tare da gonar talaka ta tafi ba.

Malam Habu:
Sanusi, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don ilimin duwatsu na karanta kafin in shiga koyarwa. Ku yi haƙuri zan ɗan ja, sai an san ƙasar da muke takawa kafin a gane abin da hanya take yi mata.

Duwatsun nan na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da muka tashi muna hawa muna zamiya a kansu, granit ne. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali a cikin ƙasa. Na yankin Damagaram da Muniyo suna cikin wani jeri da ya taso daga Ayar ya gangara har Jos: na Ayar sun fi tsufa, sun haura shekara miliyan 400, namu wajen miliyan 300, na Jos su ne ƙannai. Ka ɗauki ɓalli ɗaya ka kai shi kusa da ido, za ka ga abu uku. Akwai ƙwaya mai ɗaukar ido kamar fasasshen gilashi, ita ce kwarz. Akwai mai launin hoda ko fari-fari, feldisfat. Sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, yawanci mika ko danginta masu ƙarfe a jiki.

Ruwan sama ba salam yake ba, yana da ɗan tsami kaɗan saboda iskar da yake haɗiya, idan ya shiga ƙasa ya bi ta saiwoyi tsamin ya ƙaru. Wannan ruwan idan ya daɗe yana jiƙa granit, feldisfat ce take ruɓewa ta zama yumɓu. Baƙaƙen nan ƙarfensu ya yi tsatsa, shi ne jan da muke gani a ƙasa. Kwarz kuwa ta ƙi ruɓewa, sai dai ta warwatse ta zama rairayi. Wani masani ɗan Amurka, Goldich, ya jera wannan tun 1938: ma'adinin da ya daskare a zafi mafi tsanani shi ke fara ruɓewa a sarari, kwarz ce ta ƙarshe. Wato lakar da aka gina Birni da ita da rairayin da muke shuka hatsi a kai, asalinsu dutse ne da ruwa ya raba.

Mulmulallun duwatsun ma a ƙarƙashin ƙasa aka mulmula su. Ruwa ya bi tsagogi yana cin kusurwa, domin kusurwa ta gefe uku ake cinta, har abin da ya rage a tsakiya ya zama kamar ƙwai. Daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen ta bar su a fili, wani a kan wani. Wannan aikin ya fi gudana a zamanin da ƙasar nan take da ruwa fiye da yanzu nesa ba kusa ba.

Marmara ita ma ta wancan zamanin ce. Ruwa mai yawa ya wanke kusan komai daga ƙasa, ya bar tsatsar ƙarfe da sanholo, suka dunƙule suka yi tauri. Da ruwan da muke samu yau, wanda a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, ba za a sake yin wata marmarar ba a rayuwar jikokin jikokinmu. Duk motar da ta ɗebe ta, ta ɗebe ke nan.

Baba Maina:
Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Ni ban shiga lakwal ba, jikana ke rubuta mini, amma na yi shekara talatin ina ginar rijiya. Abin da ka faɗa da hannuna na taɓa shi. Ka fara da rairayi, ka shiga jar ƙasa, sai ka tarar da wani abu, a ido dutse ne sak, da zanensa da komai, amma ka sa diga sai ya marmashe kamar dambu. Mu ruɓaɓɓen dutse muke ce masa. A nan ɗan ruwan yake. Da ka wuce shi ka ji diga ta yi ƙara ta dawo maka, to ka fito, ka iso uwar dutse, ba ruwa sai in Allah ya haɗa ka da tsaga. Rijiya nawa muka bari a haka.

Malam Habu:
Baba, abin da muka yi shekaru muna karantawa ke nan ka faɗa a taƙaice. Kuma shi ne tushen ƙishirwar Damagaram. Granit ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagogi. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma shi ya sa ruwan pampon garin nan daga waje ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Don haka duk abin da ya hana ruwan sama nitsewa a ƙasarmu, ba ƙaramar asara ba ce.

Laminu:
Malam, ni fa tun ina yaro na ɗauka rana ce ke fasa duwatsun nan. Zafin bazara da rana, sanyin hunturu da dare. Ai muna ganin suna ɓare ɓawo kamar albasa.

Malam Habu:
Masana ma sun daɗe a kan haka, Laminu. A 1936 wani mai suna Griggs ya gwada. Ya ɗauki granit yana gasawa yana hucewa a bushe, sau dubbai, daidai da kwanakin shekara 244, dutsen bai nuna komai ba. Da ya riƙa huce shi da ruwa, ba a daɗe ba fuskarsa ta fara lalacewa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna rana ma tana da rabonta wajen buɗe ƙananan tsagogi, amma da danshi aikin ya fi sauri. Wuta kuwa daban ce, ita tana fasa dutse nan take don zafin yana zuwa farat ɗaya.

Zuwaira:
Maganar wuta ta sa dole in sa baki. Innata ta yi shekara goma sha biyu tana fasa dutse a bayan gari. Maza ne ke kunna tsofaffin tayoyi a kan falalen dutse da yamma, ya kwana yana ci, da safe su ɓanɓare shi da guduma, su sayar wa mata manyan ɓalli. Su kuma su zauna a rana, ƙafa a miƙe, da zoben roba da ake sa dutsen a ciki don kada ya yi tsalle, suna dandaƙa shi ya zama tsakuwa. Ina tuna gashin idonta fari fat da ƙura idan ta dawo, da yatsunta da ba su rabuwa da tsumma. Duk lokacin da aka ce za a yi aikin hanya ko gini a gari, kamar lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, murna suke yi don tsakuwa za ta yi kuɗi. Da kuɗin nan aka saya mini littattafai.

Yau shekara huɗu ke nan tana tari. An gwada ta an ce ba tarin fuka ba ne, amma ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta. Kuna maganar gona da ruwa, ni kuma ina so a san cewa akwai mutanen da hanya take bi ta ƙirjinsu.

Hajiya Rabi:
Allah ya ba Inna lafiya, ƴata. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma ki mayar da ita a ɗauki hoton ƙirjinta, kuma ki gaya wa likita a fili aikin da ta yi da yawan shekarun. Sau da yawa ba a tambaya, su ma ba su faɗa. Kwarz ɗin nan da Malam ya ce ta ƙi ruɓewa a ƙasa, haka take ƙin narkewa a huhu. Ƙurarta mai laushi, wadda ido ba ya gani, tana shiga can ciki ta zauna, huhu ya yi ta yin tabo a kewayenta har ya ƙage. Sunan ciwon silikoz. Tabon ba ya gogewa, sai dai a sauƙaƙa wa mutum, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, don haka gwaji ɗaya bai isa ba, a riƙa maimaitawa. Masu aikin yanzu kuma, yayyafa ruwa a kan dutsen kafin a fasa yana rage ƙurar sosai. Ɗaure hanci da gyale ba ya tare mai laushin. Hayaƙin tayar nan ma wata cutar ce.

Zuwaira:
Na gode Hajiya, zan kai ta ranar Litinin in sha Allah. Ruwan yayyafawar ne abin ji, a wurin da bido ɗaya sai an saya.

Injiniya Mamman:
Na karanta duka. Aikin hanya nake yi, don haka bari in faɗi namu gefen, da inda muke da hujja da inda ba mu da ita.

Ku yi lissafi da ni. Hanya mai faɗin mita 10, tsawon kilomita ɗaya, a shimfiɗa mata marmara mai kaurin santimita 20, ya zama mita kubik 2,000. Shimfiɗa biyu, 4,000. Idan mota tana ɗaukar kubik 10, sawu 400 ke nan a kilomita ɗaya tak. Jigila ce ke cin kuɗi, shi ya sa ake neman rami kusa da hanya, kuma shi ya sa kuke ganinsu jere a gefen manyan hanyoyinmu. Wannan ba makawa, Alhaji Ilu ya yi gaskiya.

Amma kwazazzabon gonar su Sanusi da makawa. Ruwan milimita 30 idan ya sauka a kan wannan kilomita ɗayan, lita 300,000 ne, wato bido 12,000 mai cin lita 25, kuma kwalta ba ta shan ko ɗigo. Wannan ma kaɗan ne a kan ruwan da ke gangarowa daga tudu, wanda hanyar ta tsaya masa kamar madatsa. Ka tattara duk wannan ka tura ta baki biyu, ka sake shi a kan jigawa, me kake jira? Ƙa'idar aiki ita ce a auna faɗin ƙasar da ke zubo ruwa, a yawaita mafita don a raba ƙarfinsa, a kuma shimfiɗa duwatsu ko gabiyon, wato duwatsun da ake ɗaurewa cikin ragar waya, a bakin fitar, don ruwan ya fasa ƙarfinsa a kansu kafin ya taɓa gona. A wasu wuraren ma radiye, wato daɓen kankare da ake kwantarwa a hanya, ya fi gada, ruwa ya haye hanya a shimfiɗe ya wuce. Abin da ke faruwa, waɗannan ƙananan ayyukan su ne na ƙarshe, lokacin kuɗi sun ja baya kowa na sauri. Na sha ganin haka, kuma ba na jin daɗinsa. Kwazazzabon ma ba gona kaɗai yake ci ba, da baya-baya yake tafiya. In ba a tare shi ba zai iso gindin gadar ya cinye ta.

Malam Habu:
In ƙara a kan na Injiniya. Jigawar kudancin Damagaram tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamanin fari mai tsanani, lokacin da hamada ta gangara har wajen Kano. Wani Bature mai suna Grove ya yi rubutu a kansu a 1958. Ciyawa da saiwoyi da ɗan yumɓun da ke sama ne kawai suka riƙe su. Ruwa mai ƙarfi yana huda wannan fatar, abin da ke ƙasa ba shi da abin kamawa.

Sanusi:
Yanzu na gane na gonar. Saura maganar dattijon nan, Malam. Dafin dutse gaskiya ne ko faɗa ce kawai?

Malam Habu:
Maganarsa tana da tushe, sai dai ba kowane dutse ba. Ruɓewa a fuskar dutse take faruwa, inda ruwa da iska suke taɓawa. Ɗauki dutse mai mita ɗaya ta kowane gefe, fuskarsa mita murabba'i 6 ce. Farfasa shi ya zama tsakuwa mai santimita ɗaya-ɗaya, fuskar ta zama 600. Dutse bai ƙaru ba, amma inda ruwa zai ci ya ninka sau ɗari. Abin da injin fasa dutse yake yi ke nan a wuni guda.

To sai a duba me ke cikin dutsen. Wanda ake tsoro shi ne firit, ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne lafiya lau. Da an tone shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da tsami irin na ruwan batir, tsamin kuma ya narko da wasu ƙarafa ya kai su rafi. Ya faru a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 2003, wajen yanka tudu don babbar hanyar I-99. Sun tono dutse mai firit, sun zuba shi a matsayin ciko, ruwan tsami ya fara tsiyaya zuwa rafuka da rijiyoyi. Sai da aka kwashe mafi yawansa aka kai wani wuri aka killace, buɗe hanyar ya yi jinkirin shekaru. An fi samun firit tare da gawayin ƙasa, da baƙin yumɓu mai falle-falle, da jijiyoyin zinariya.

Marmara kuwa ta riga ta gama tsatsarta tun tuni, ba abin da ya rage ya ƙone. Jan ruwan ramin nan laka ce da tsatsa. Abin tsoro a cikinsa ƙazantar mutane da dabbobi ce, da man injin da wataƙila aka zubar a wurin.

A ƙasar granit irin tamu, wanda na fi sa wa ido shi ne fuliwor. Wasu ma'adinan granit suna sakinsa a hankali cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Kaɗan yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. Ya wuce haka haƙoran yara su yi ja, ya yi yawa sosai ƙashi ya lanƙwashe. Duk ɗan Nijar da ya ji labarin yaran Tibirin Maraɗi, da fuliwor ɗin ruwan sha ya lanƙwasa musu ƙashi, ya san ba tatsuniya ba ce. Na kawo shi ne don masu aikin hanya sukan haƙa foraj don jiƙa marmara, idan sun tashi su bar wa gari. Alheri ne, amma ruwan jiƙa hanya ba lalle a auna shi don sha ba. Idan an bar muku irinsa, ku nemi ma'aikatan ruwa su auna kafin yara su saba da shi.

Sanusi:
Wallahi an bar mana, kuma shi kowa yake sha yanzu.

Laminu:
Ni dai a kan ramin ina da ra'ayi daban. Kada a cike shi. Ina kiwo, na san wahalar watan huɗu da na biyar. Akwai ramin hanya da shanunmu suke sha har bayan kaka da wata uku, lokacin da tabkunan jigawa sun daɗe da ƙafewa, don gindinsa tauri ne ba ya tsotsewa. Masu bulo suna samun ruwa, wani ma ya kafa ɗan lambu a bakinsa yana sayar da tumatir da yalo. A ƙasar da ake sayen ruwa, a ce a kawo mota a binne tabki?

Hajiya Rabi:
Laminu, ka yi maganar shanu, bari in yi ta yara. Ƴan shekarunmu sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da gari guda a tsakiyar noma, kuma yankin Mirya na cikin inda ya fi addaba. Daga ruwan tabki ake shansa. Sai a 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi, bayan wahalar tace ruwa gida-gida. Tsargiya kuwa tana nan, duk yaron da ke wanka a kwantaccen ruwa yana iya fara fitsarin jini. Ga sauro. Ga wanda ya fi ci mini rai: rami mai gefe a tsaye. Tabkin Allah a hankali yake zurfi, yaro yana jin ruwa na hawa ya ja da baya. Na inji taki ɗaya ne daga gwiwa zuwa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. An taɓa kawo mana yaro daga irin wannan ramin, ba mu iya yi masa komai ba. Ban manta kukan uwarsa ba.

Laminu:
Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Ban musa ba Hajiya. Amma binnewa ba ta mayar da gona, ƙasar saman an riga an tafi da ita, fako za a samu.

Injiniya Mamman:
Ku biyun kuna iya samun abin da kuke so a rami ɗaya. A yankin Tigirai na Habasha sun mayar da abin tsari: tun wajen zana hanya ake shirya inda ruwanta zai je, a karkata shi zuwa ramukan da aka ɗebi ƙasa, ko a baza shi cikin gonaki. Ramin da za a bari a kwantar da gefensa ya yi gangare, a yi wa dabbobi mashiga ɗaya, a kewaye sauran da ƙaya ko shuka. Wanda ba a so, a mayar masa da ƙasar saman da ya kamata a ce an tara ta gefe tun ranar farko, a yi rabin wata a shuka itace. Aikin kwana biyu ne ga buldoza idan tana wurin. Bayan ta tafi, dawo da ita ya fi aikin tsada.

Kuma ba alfarma ba ce. Dokar muhalli ta 1998 da ta 2018 sun wajabta binciken illa ga muhalli kafin babban aiki irin wannan, akwai BNEE, hukumar ƙasa mai tantance illa ga muhalli, da ke duba shi, kuma a cikin takardun akwai shirin gyara wuraren da aka haƙa da jin ta bakin mutanen wurin. Sanusi, ku rubuta takarda da sa hannun maigari da masu gonakin da abin ya shafa, da hotuna, ku kai wa hukumar gari da ma'aikatar ayyuka da ta muhalli ta jiha. Ku ambaci cewa kwazazzabon yana dosar gadar, wannan yana sa a motsa da wuri.

Alhaji Ilu:
Injiniya, takarda tana da kyau, amma damina ba ta jiran takarda. Ni abin da na gani a hanya, inda mutane suka jera duwatsu a cikin kwari tun yana ƙarami, rairayi yakan taru a bayansu. Ina da mota. Idan garin za su yi gayya su tara duwatsu, sawu biyu a kaina, man kawai za ku zuba.

Baba Maina:
Allah ya saka, Alhaji. Amma a yi shi da sani. Kada a tare shi da bango ɗaya mai tsawo, ruwa zai kewaye ta gefe ya buɗe wani. Ƙanana ake yi, da yawa, daga sama a gangaro, tsakiyar kowanne ya fi gefensa ƙasa, a kuma cusa gefen cikin bangon kwarin sosai. A dasa gamba a baki. Mu a Birni mun ga abin da ruwa yake yi idan ya rasa wurin zama. Kududdufan da kakanni suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, nan ruwan unguwa yake taruwa, da yawa an cike an gina. Ruwan 2024 da ya kayar da tsohon masallacin Birni, ina tsaye na ga yadda lungu ya zama kogi.

Malam Habu:
Sanusi, in za ka koma, ɗebo mini ɓallin dutse biyu ko uku daga inda suka fasa, da marmarar ramin cikin leda, ka rubuta inda ka ɗauki kowanne. Zan duba ko akwai mai ƙyallin nan, in kuma nuna wa abokaina a jami'ar André Salifou ta Damagaram. Ruwan foraj ɗin kuma a kwalba mai tsabta, ka bar pampon ya zuba na ɗan lokaci, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan kafin ka cika ta har baki.

Sanusi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira yayana yanzu, ya ce zai samu maigari bayan sallar isha'i a kan gayyar da takardar. Gonaki biyar ne a layin kwarin, ba tamu kaɗai ba. Asabar zan tafi da motar farko, zan auna tsawonsa da zurfinsa da igiya, in auna kuma taki nawa ya rage tsakaninsa da gadar. Injiniya, duwatsun da za a tara, wane girma ya kamata su kai?

Injiniya Mamman:
Daga girman kan mutum zuwa wanda sai mutum biyu sun ɗaga. Manyan a ƙasa da tsakiya, ƙananan a cusa a tsakaninsu. Ku fara da bakin gadar, nan ne ruwan ya fi ƙarfi. Turo mini awon idan ka yi, in gaya muku layi nawa za ku jera da tazarar da za ku bari.